Ƙafafun Mama da Kiran Ƙarfe Huɗu

Talata. Aikin farko: in duba ƙwayoyin Mama ɗaya bayan ɗaya a hasken taga.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwa zuwa ga wanda ya tsaya mata a matsayin uba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu, ya raya mana yara a kan tafarki na gari, amin. Ka yi haƙuri da layin da ke saman shafin nan. Daga littafin da nake rubuta ayyukan yini na yago takardar, kuma kai ka fi kowa sanin halina, tunda kai ka laƙaba mini Sakatariya tun ina aji uku. Har yau ban iya soke abin da na riga na rubuta ba.

Mu nan lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah. Baban yara yana nan da garejinsa, bayan nan nasa yana motsa masa jefi-jefi, amma ya ƙi zuwa a duba, wai injin da yake tafiya ba a kwance shi. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana kunne da waƙoƙi. Rufin kicin da ka bari yana yoyo an gyara shi, sai dai yanzu ruwan ya koma zuba ta gefen taga. Ni kuma ina nan a shagon buga takardu, tsakanin injin kwafi da tebur ɗin ɗinke littattafai, daga takwas na safe zuwa shida na yamma.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalilin shi ne kunnen Mama. Idan na kira ta cin abinci sai na maimaita sau uku, amma in na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi raɗa da kai, da na fito za ta tambaye ni me ka ce game da ita. Abin da zan faɗa kuma ba na son ta ji shi rabi-rabi. Ga shi in ina magana da kai baki da baki, da ka ɗan ɗaga murya sai in manta abin da na shirya, in koma cewa to Yaya, to Yaya. A wayarmu ta ƙarshen watan jiya ka ce mini ka ga yadda Mama ta lalace, idanunta sun faɗa, ba ta iya zaman minti biyar, kuma in wannan watan ya ƙare ba sauƙi za ka zo ka tafi da ita, tunda abin ya fi ƙarfina. Ban ba ka amsa ba ran nan. Saura kwana goma sha ɗaya watan ya ƙare, ga amsata, amma sai ka bi ni a hankali daga farko.

Ka san shekara biyu ke nan da likita ya ba ciwon nan suna, ya ce rashin natsuwar ƙafa ne. Da yamma ta yi, in ta zauna ko ta kwanta, sai ta ji kamar tururuwa na yawo a cikin ƙashin ƙwaurinta, ba zafi ba, ba ƙaiƙayi ba, kuma ba abin da ke kwantar da shi sai ta tashi ta taka. Ya rubuta mata abu biyu: wata ƙaramar farar ƙwaya, ɗaya tak da ƙarfe takwas na dare, da kuma jar ƙwayar ƙarin jini, don gwaji ya nuna sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa a jikinta. Ni nake ba ta da hannuna. Kwalbar tana cikin kabad ɗin falo, duk wata nakan karɓo talatin a kemis ɗin bakin titi in juye a ciki, duk Juma'a in ƙirga abin da ya rage in rubuta. Fiye da shekara ɗaya da rabi Mama tana barcinta, har munshari muke ji ta bango.

Wata huɗu da suka wuce saƙonka ya iso: sabuwar waya mai nuna fuska, da babbar kwalbar bitamin da ka ce abokin aikinka ya yaba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Na ajiye kwalbar kusa da ta likita, ina ba ta ɗaya da rana tsaka a ranakun da nake gida. Bayan kamar wata guda sai abubuwa suka fara birkicewa, kuma da ba don littafina ba da ban ga tsarin birkicewar ba. Duk lokacin da na karɓo sabon magani, sai a yi mako biyu da 'yan kwanaki ana lallaɓawa, dare ɗaya mai kyau, ɗaya marar kyau. Daga rana ta sha takwas ko ta ashirin kuwa sai ka ce ba ta taɓa shan magani ba a duniya. Tana zagaye tsakar gida har silifas ɗinta ya cinye ta dunduniya. Abin da a da ba ya tashi sai bayan isha ya dawo yana tashi tun azahar, har wata rana ta ce ya hau hannayenta. Ni kuma in ƙirga ranar Juma'a in ga lissafi daidai, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Sau uku ana haka, wata uku a jere.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka na fara zargin kwalbar. Na ce wataƙila zafi ke kashe ƙarfin maganin in an buɗe shi ya daɗe. Na canza mata wuri, na cusa auduga a bakinta. Ba abin da ya canza. Daga nan zargina ya koma kan mai kemis. Ka san shi, dogon nan mai gilashi a kan goshi da ke kiran kowa ɗan uwa. Na tuna ya sake fenti a shagonsa, ya sa sabon firiji, na kwana ina haɗa wannan da wancan har na gamsar da kaina cewa yana gauraya mana na gaske da na jabu. Ranar ashirin da biyu ga karɓar magani na ɗauki kwalbar na tafi, na shirya maganata tsaf tun a hanya. Na tarar da mutum uku a gabana, na jira suka watse, na ce masa maganinsa ba ya kai ƙarshen wata, kuma ina so ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya sauko da gilashinsa, ya juye ƙwayoyin takwas a kan gilashin kanta, ya riƙa juya su da bakin biro. Sai ya ce waɗannan ba daga shagonsa suka fito ba, domin maganin da yake ba ni kowace ƙwaya tana da tsaga a tsakiya, waɗannan kuwa sumul suke kamar maɓallin riga. Na ce ai mai laifi ba ya rasa ta cewa, ya buɗe sabon kwali a gabana. Ya buɗe. Duk da tsaga, siririya kamar zare, sai ka karkata ta wajen haske za ka gani. Ya tambaye ni shekara nawa ina ba da maganin nan, na ce biyu, ya ce to 'yar uwa ashe shekara biyu kina gaisawa da mutum ba ki taɓa kallon fuskarsa ba. Ya ƙara da cewa in na gano mai yi mini canji in turo masa shi, yana neman mai hannu da sauri a shago. Na ɗauki kwalbata na fito. Gaskiyarsa ce, Yaya. Aikina ke nan a shago: in kama gefen takardu in ƙirga ɗari biyar ba kuskure, amma ka tambaye ni me aka rubuta a ciki ban sani ba.

Da na dawo gida na buɗe kwalbar bitamin ɗinka na zuba a tafin hannu. Su ne. Fari ɗaya, girma ɗaya, ba tsaga. Wato a ƙarshen kowane wata bitamin nake ba Mama da ƙarfe takwas, ina rubuta an sha magani, ina ja masa layi. Na fara da zargin kaina, don kwalaben suna kusa da juna kuma na san ina dawowa a gajiye. Na bi littafin shafi-shafi ina neman ranar da na haɗa su, ban samu ba, amma rashin samun bai kwantar mini da hankali ba, tunda wanda ya yi kuskure bai sani ba ba zai rubuta ba. Don in raba gardama da kaina, da na karɓo sabon magani na duba talatin ɗin ɗaya-ɗaya, na rufe, na ɗauko siririn zaren da muke ɗinke littafi da shi na manna a ƙasan ƙofar kabad da ɗigon gam. Litinin da yamma zare ya tsinke, ga marar tsaga ɗaya a ciki. Talata haka. Asabar da Lahadi, da nake gida, zare lafiya lau.

To wa ke gidan da rana? Baban yara yana gareji, yarinya tana makaranta a lokacin. Saura maƙwabciyarmu da muke kira Rediyo, wadda ke shigowa taya Mama hira bayan azahar. Na koma littafina na ga sau biyu ta tambaye ni sunan maganin, kuma ta taɓa cewa ita ma ƙafafunta suna mata zugi da dare. Na tambayi Mama ko wani yana taɓa kabad in ba na nan. Ta ce ita ina za ta sani, ba mai gadi aka ɗauke ta ba, sai dai takan ga Rediyo ta buɗe neman sukari. Shi ke nan na kama. Mako guda ina amsa gaisuwar baiwar Allah nan a daƙile. Ta kawo mana aron tsani na ce mun gode ba ma buƙata, alhali muna buƙata. Na mayar da maganin cikin aljihun tebur mai makulli, na ɓoye makullin a gwangwanin allura da zare. Washegari na buɗe, ga marar tsaga ta ƙaru. Rediyo kuwa ba ta san gwangwanin nan ba. Mutum ɗaya ne ya san a nan nake ɓoye abu tun ina yarinya.

Ranar Alhamis da ta wuce na roƙi mai shago ya ba ni rabin yini, na ce zan je asibiti, Allah ya yafe mini. Na shigo ta ƙofar baya wajen biyu da rabi, na cire takalmi, na tsaya a lungun kicin inda ake hango falo ta tsakanin labule da bango. Rediyo tana ta zuba, labarin wani mai gyaran famfo da ya tafi da murfin tankinta. Ƙarfe uku saura ta tashi ta ce za ta ɗora girki. Ko kallon tebur ɗin ba ta yi ba. Tana fita Mama ta miƙe, ta je kai tsaye ga gwangwanin, ta ɗauko makulli. Ta sa gilashinta, ta juye ƙwayoyin a faranti, ta matsa bakin taga tana karkata su ɗaya-ɗaya. Ta zaɓi mai tsaga ta haɗiye. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro bitamin ɗaya ta jefa, ta ƙirga da yatsa, ta mayar da komai yadda yake, har da juya takardar jikin kwalbar ta fuskanci gaba kamar yadda nake yi.

Ban fito ba. Na kasa. Na ga ta yi sallar la'asar, ta canza mayafi ta sa mai ruwan toka ɗin nan da ka aiko mata, ta shafa hoda, ta ja kujera gaban labule mai kyau, ta jingina wayar da kwalbar ruwa. Ƙarfe huɗu daidai ka kira, kamar yadda ka saba kullum. Minti hamsin, Yaya, na duba agogo. Ta haɗa ƙafafunta wuri ɗaya kamar mai ɗaukar hoton fasfo, ba ta motsa ba. Ina jin muryarka kana cewa yau kam ka ga sauƙi, tana cewa ai ta warke, Sakatariya ce kawai mai son rubuta ciwo. Kuka yi dariya ku biyu. Ni kuma ina tsaye ba takalmi a bayan buhun gawayi.

Da kuka gama na fito. Na zaci za ta ji kunya, ashe ni ce zan ji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun yaushe aka ɗauke ni aikin ɗan sanda, kuma ina hular. Na ce Mama me ya sa. Ta ce ita ta haife ni, ta san ni ciki da waje: ina ƙirgawa amma ba na dubawa, tun ranar da ta aike ni sayen ƙwai na dawo da goma sha biyu cif, uku a fashe. Ta ce in ta ɗauka ba ta mayar ba zan gane ran Juma'a, shi ya sa take cike mini gurbin don kada lissafina ya ɓaci in kasa barci. Sai da na matsa sannan ta faɗi dalilin. Ta ce a makon farko na sabuwar waya, kuna cikin hira ƙafafun suka motsa saboda dogon zama, ta tashi tana zagaye da wayar a hannu, kai kuma ka ce in haka abin yake gara ka ɗauke ta ta koma wajenka. Wataƙila kai ka manta ka faɗa. Ita ba ta manta ba. Tun ran nan take shan ɗaya kafin kiranka, don ka gan ta a zaune.

Ta ce ba ƙin ka take ba, kuma na yarda da wannan. Tafiyar take tsoro. Ta ce ka taɓa gaya mata awa goma sha ɗaya ake yi a zaune a kujera ɗaya kafin a iso wajenku, ita da ba ta iya zaman gyaran gashi. Ta ce gidanka a hawa na huɗu yake, ka ce na ƙasanku suna buga rufi da sanda in yara sun yi gudu, to ita da ke taka ƙasa rabin dare ina za ta sa ƙafarta? A nan in abin ya taso tana da tsakar gida, daga bakin famfo zuwa igiyar shanya taku goma sha huɗu, ba wanda take damu sai kyanwa. Na ce mata ai dabarar nan ita ta jawo ƙarshen wata ya zama azaba, har ka gan ta a mafi munin hali ka yanke hukunci. Ta ce to ai da ban tsaya leƙe ba da na ƙaro mata maganin.

Yanzu na zo wurin da na fi jin nauyin rubutawa, na yi ta ɗaga biro ina ajiyewa. A cikin maganar, Mama ta ce ba ita ta ƙirƙiro ƙarin ba. Ta ce kai ne ka fara ce mata in ta ji ƙafafun za su tashi ta ƙara ɗaya, ƙwaya ƙarama kamar wannan ba abin da za ta yi, kuma ba sai an gaya wa Sakatariya ba don za ta mayar da shi shari'a. Ban san ko in yarda ba. Matar da ta yi wata uku tana juya ni, ta kuma bar ni ina hararar maƙwabciya, ba zan rantse a kan maganarta ba. Amma kalmar shari'a ɗin nan taka ce, na sha jin ta a bakinka. Na riga na zargi mutum biyu a banza, na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, shi ya sa ba zan yanke ba, tambaya nake. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba? In ka faɗa, na san tausayi ne ya sa. Kuma tunda na buɗe ciki bari in ƙarasa: na ji matarka, Anti, ta koma aiki, kuma mai kula muku da yara ta tafi. Zuciyata ta raya mini cewa wannan ma yana cikin abin da ya sa maganar ɗaukar Mama ta yi zafi a wannan watan. In na zalunce ka, ka yafe mini. In kuwa akwai ƙamshin gaskiya, ba abin kunya ba ne, amma a kira shi da sunansa, kada a rataya shi a wuyan rashin kulawata.

Kada ka ɗauka na wanke kaina. Jiya na kai ta wajen likita da kwalaben biyu da littafina, na zayyana masa komai, Mama tana kallon silin. Ya ce irin wannan maganin ba a ƙara shi da ka, domin a wasu mutane yawansa ne ke jawo ciwon ya riƙa tashi da wuri har ya bazu zuwa hannu, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, ga shi ita tana yin duka biyun a kowane wata. Sai ya tambaye ni yadda nake ba ta jar ƙwayar. Na amsa da alfahari cewa bakwai na safe daidai, tare da shayinta mai madara, ban taɓa tsallake rana ba. Ya ajiye biro ya ce shayi da madara suna hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, a raba su da awa biyu, in da hali a ba ta da ruwan lemo. Ya ce ya tabbata ya faɗa tun farko. Na duba shafin ranar, na ga na rubuta a sha da safe, ban rubuta sauran ba. Shekara biyu, Yaya. Mama ta juyo ta dube ni a karo na farko tun Alhamis, ta ce wa likita ya rubuta wannan ma a ba ta ta ajiye.

Ga yadda aka tsaya. Za a sake gwajin jini. Zai daidaita mata farar ƙwayar a hankali, wataƙila ya canza mata wani in ya ga sakamako, kuma ya gargaɗe mu cewa makonnin farko za su fi wuya kafin a ga sauƙi. Ya ce kada a ba ta maganin mura mai sa barci ba tare da an tambaye shi ba, don yana tayar da ƙafafun. Bitamin ɗinka ya karanta takardarsa ya ce ba laifi ta ci gaba, amma ba ya maye gurbin komai. Ya ba mu mako shida, kuma da na tambaye shi maganar doguwar tafiya ya ce ba yanzu ba. Maganin yanzu yana cikin jakata, yana bina shago yana dawowa.

Don haka, Yaya, Mama ba za ta tafi a ƙarshen watan nan ba. Ban taɓa ce maka a'a ba tun rasuwar Baba, amma na faɗa. In mako shida ya cika ba sauƙi, zan turo maka shafukan littafina ka gani da idonka, kuma in ita da bakinta ta ce za ta bi ka, ba zan tare ƙofa ba. Kafin nan ina roƙonka abu biyu. Ka riƙa kiranta da murya kawai, ko in ka ga ta tashi tana zagaye ka ci gaba da hirarka kamar ba ka gani ba. Na biyu, ka gaya mata da bakinka cewa ka janye maganar ɗaukar ta. Na gaya mata sau uku, ta ce ni ba ni na ɗaura ba, ba ni zan kwance ba. Muddin tana jiran ranar da za ka zo, za ta nemi wata dabarar, kuma ka ga ta fi ni wayo. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kada wannan takarda ta zama sanadin ɓacin rai tsakaninmu.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina mata fatan alheri a aikin. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce wa takwarar Mama ina nan ina jiran zanen da ta yi mini alkawari. In kun yi waya da Kawu ka miƙa gaisuwata, amma kada ka ba shi wannan labarin, ka san kafin magariba dangi sun gama ji. Baban yara yana gaishe ka, babbar 'yarka ta nan tana gaishe ka. Mama ba ta san ina rubutu ba, da ta sani da ta ce in gaishe ka in kuma ce ta warke. Allah ya ba ta lafiya, ya bar mu tare, ya sa mu gama da ita lafiya.

Taka ƙanwa mai jiran amsa,
Sakatariya

Na gobe, Laraba:

1. Gwajin jini, bakwai da rabi. A tafi da katin asibiti.
2. Jar ƙwaya da ruwan lemo bayan an dawo. Shayi sai goma.
3. In ɗauki hoton shafukan nan a shago in tura wa Yaya, kafin in sake karantawa in fasa.
4. Gidan Rediyo. In nemi aron tsani. In ta ba ni, in ba ta haƙuri.
5. Akwatin Mama da na gano ɗazu a ƙarƙashin gado, a shirye, har da sabon silifas a sama. Kada in taɓa. Ita za ta kwance, in Yaya ya kira.